Tiyon Wutar da Ya Zama Famfon Unguwa

Usman, ajiye wayar nan. Nura, jawo tabarmarka kusa, ba zan yi ta ɗaga murya ba. Ladi, ke ma zauna, kuma ki daina kallon ƙasa tun ban fara ba. Na tara ku ne a kan magana ɗaya, ba mai tashi sai an yanke ta.

Wani mutum ne. Ba zan kama sunansa ba. Ba tsoronsa nake ji ba, kun san ni, ko jandarma ya taka mini tabarma sai ya ji daga bakina. Sai dai mutumin yana aure a gidan nan, kuma ban taɓa jin inda mace ta kira sunan surukinta a gaban jama'a ba. Don haka wani mutum ne. Ladi, na ce ki ɗago kanki.

Ku biyun nan ba kwa gari lokacin da aka yi abin, bari in faro muku daga tushe.

Kun san ɗan shagona da ke tsallaken lungu, daura da ƙofar gida. A nan na so in ajiye firigon da na saya, na'urar sanyin nan, in riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo idan azumi ya kama. Azumin bana cikin tsakiyar zafi zai faɗo. Da wannan firigon nake so in riƙe kaina, in daina jiran wani ya tuna da ni a ƙarshen wata. Na faɗa dai, ban kalli kowa ba.

To shagon ba shi da kuran, wato wutar lantarki. An ja masa waya ta sama daga kontar ɗinmu, mitar wutar da ke zaure. Amalanken kara ya zo ya tafi da ita har da ƙusoshin. Aka sake ja, raƙumi ya zo da kayan itace ya tafi da ta biyu. Sai na aika aka kira Mala mai gyaran wuta, wanda ya ja mini su duka biyun.

Mala ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce, "Hajiya, sai dai a bi ta ƙarƙashin lungu. Kuma ba tiyon roba ba, amalanke zai murƙushe shi. Tiyon ƙarfe za a binne, wayar ta bi ta cikinsa."

Na ce, "Binne."

Ya kawo kaya ya jibge a zaure. Ga dogayen tiyo, ga gwiwoyin ƙarfe da ake sawa inda za a yi kwana, ga ƴan guntayen da ke haɗa tiyo da tiyo. Ya tsaya yana yi mini bayani. A haƙa rami ya wuce gwiwar mutum. A shimfiɗa rairayi. A miƙe sak daga zaure zuwa shago, ban da kwane-kwane. A shafe kowace mahaɗa da kwalta saboda tsatsa. Sannan ya ɗaga wata siririyar waya ya ce, "Wannan ita ce rai. Tun ana haɗa tiyon za a zura ta a ciki, da ita za a jawo babbar wayar daga baya. Kuma kar a rufe ramin sai na gani da idona."

Yana cikin faɗa aka yi masa waya daga garin Dogo, wai ƙanensa ya faɗo daga kan kabu-kabu. Ya ce zai je ya dawo.

Duk wannan bayanin, wani mutum yana tsugune a bakin zaure. Gaisuwa ya zo. Tun da Mala ya fara magana yake gyaɗa kai kamar shi ya koya masa aikin.

Ya ce, "Mala, je ka abinka. Wannan ai ba aiki ba ne. Na ga ana yi a Kano."

Sau ɗaya ya taɓa zuwa Kano, rakiyar wani mai sarin takalma. An ce barci ya yi a tasha har aka gama sayayya.

Na so in ce a'a. Wallahi kalmar ta zo mini har nan. Amma ya zan dubi suruki ido da ido in ce masa bai iya ba? Ladi kuwa, wadda ta saba ɗaukar magana tsakanina da shi, tana Zermu wajen suna. Sai na juya wa bango na ce, "Da dai an jira mai aikin."

Shi ma ya juya wa bangon ya ce, "A gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta."

Bangon bai ce komai ba. Washegari ya zo da diga.

Kun san ƙasar unguwarmu ta Birni. Ka sara nan ƙasa, ka sara can dutse. Ko kamu ɗaya bai yi ba ya ci karo da dutse. Mai hankali zai tsaya ya jira. Shi sai ya kewaye shi, ya ɗaura gwiwa. Ya ci karo da wani, ya kewaye, ya ɗaura gwiwa. Gwiwoyin Mala suka ƙare, ya tafi Kasuwar Dole ya ƙaro. Lungun da akuya ke tsallakewa ba tare da ta yi tunani ba, sai ga rami ya yi gabas, ya dawo yamma, ya je ya gaishe da ƙofar Balki mai awara, ya zaga bayan turken jakin maƙwabta, sannan ya tuna da shagona.

Nan Balki ta fito za ta zubar da ruwan wanke-wanke. Ta ga tiyon ƙarfe kwance a rami a ƙofar gidanta. Ta tsaya cak da kwano a hannu.

Ku kun san garin nan. Duk wanda ya tashi a Damagaram da gammo a kansa ya tashi. Mun bi layin famfo tun muna ƴan mata, mun bi da goyo, mun bi da jikoki. In mutumin garin nan ya ga tiyon ƙarfe a rami, abu ɗaya zuciyarsa ke gaya masa.

Ta ce, "Sannu da aiki, angon Ladi. Ruwa ne?"

Kalma ɗaya ta ishe shi. A'a. Ko jariri ya iya ta. Amma tun da ya yi aure a lungun nan ba wanda ya taɓa ce masa sannu da aiki, don ba a taɓa ganinsa yana yi ba. Ya dogara da diga, ya share gumi, ya ce, "To, ana dai ƙoƙari."

"Allah da iko! Daga ina za a jawo?"

Ya duba hagu, ya duba dama, ya rage murya. "Ba a so a yi ta yaɗawa tukuna."

Ai kuwa da ya ce a yaɗa, da ba ta yaɗu haka ba. Kafin la'asar jarkoki sun yi layi tun daga bangon shagona har bakin masallaci. Wadda ba ta da jarka ta ajiye dutse ya kama mata wuri. Aka kawo masa fura mai sanyi. Aka kawo awara. Mazan da ba su taɓa amsa masa sallama da kyau ba suka tuɓe riguna suka karɓi shebur. Wani ya ce masa Injiniya. Ya waiga ya ga ba kowa a bayansa, ya amsa.

Na yafa mayafi na fita. Na ce, "Balki, ki kwashe jarkokin nan. Wuta ce za a ja, ba ruwa ba."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Haba Hajiya! Wuta a ƙasa? Tun da nake, a sama nake ganin wuta, kan poto, dogayen sandunan wayar nan. Ƙasa ta ruwa ce."

"Na ce miki wuta ce. Firigona zan kunna."

"In so kike ki fara cika naki, faɗi kawai. Ke kika kawo, ba mai hana ki. Amma kar ki ɓoye mana, tare muka sha wahalar nan."

Na dubi mutumin ko zai buɗe baki. Yana can yana nuna wa mutane inda za su tsaya, da kofin fura a hannu. Na dubi bangon Balki na ce, "Da dai an gaya wa mutane gaskiya."

Ya ce wa bangon, "A gaya wa Inna komai na tafiya daidai."

Da hannu ya yi yawa, aiki ya yi sauri. Kwalta dai an shafa, ban ce ba a shafa ba. An shafe mahaɗa, an shafe tiyo, an shafe ƙafafun Injiniya. Aka tura ƙasa. Aka bi da rawa a kai don ta danƙare. Wani mai gini ya kawo ragowar siminti fi sabilillahi aka malale saman, wai kar ɓarayi su tone wa unguwa arziki. Ɗaya bakin tiyon ya fito a zaurenmu kusa da kontar. Ɗayan ya fito a jikin bangon shago, ta waje, da gwiwa a kansa tana kallon ƙasa. In kun gan shi, ku ma sai kun sa bokiti.

Sai ga Mala ya dawo daga Dogo. Ya tsaya a bakin lungu ya ga siminti ya yi kwana-kwana kamar sawun maciji. Ya ga layin jarkoki. Ya cire hula ya mayar.

"Wa ya rufe?"

Mutumin ya ce, "Mu ne. Ka ga na hutar da kai."

"Gwiwa nawa ka sa?"

"Duk wadda ke kasuwa."

"To ina siririyar wayar da na ce a zura?"

"Wacce?"

Mala ya ɗaga kai. Ga ta can a ɗaure daga tagar Balki zuwa bishiyar bedi, an shanya zannuwa a kai. Injiniya ne ya ba ta kyauta, wai ragowar kayan aiki ce.

Mala ya shiga zaure ya gwada tura babbar wayar. Ta shiga tsawon hannu ta tsaya. Ya murza, ya tura, ya yi salati. Ya ce, "Hajiya, ko aljani ba zai bi wannan hanyar ya fita ba. Sai an tone."

Mutumin ya zabura. "A tone? A gaban mutanen nan?"

"To a bayansu ka binne?"

Mala ya ce zai dawo bayan Juma'a da mai fasa siminti. Ya tafi yana magana shi kaɗai.

Ashe mutumin bai haƙura ba. Da safe na ji motsi a zaure. Na leƙa ta labule. Ga shi tsugune da jan gwada a hannu, ƙaton ƙadangare mai jan kai, yana ɗaura masa zare a ƙugu. Zaren keken ɗinkinki ne, Ladi, in kina nemansa. Dabararsa ita ce ƙadangaren ya shiga ta nan ya fita ta shago da zaren, zare ya jawo igiya, igiya ta jawo waya.

Ya ce masa, "Bismilla. Ka bi dama, ka bi hagu, ka sake bin dama. In ka ga haske ka iso."

Ƙadangare ya shiga. Zare ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, sai ya tsaya. Mutumin ya ja, shiru. Ya zaga shago ya sa baki a tiyo yana kira. Matan layi suka ce Injiniya na magana da mutanen babban tanki. Shi kuwa ƙadangare ya samu wuri mai sanyi, ba rana, ba yara masu jifa. Ko ni ce ba zan fito ba.

Sai ya kawo garwashi da barkono, wai hayaƙi zai kore shi gaba. Hayaƙin ya shiga ya tarar da gwiwa ta farko, ya ce ba zai iya ba, ya dawo zaure. Na yi tari har na ga taurari da rana tsaka. Kajin gidan nan suka haura katanga. Da na samu numfashi na dubi bango, hawaye na zuba, na ce, "Allah ya saka wa mai wannan aiki daidai da aikinsa."

Ya ce, "Amin, Inna."

Na ga in na zauna zan aikata abin da za a daɗe ana faɗa. Na ɗauki kwando na tafi kasuwa sayen zoɓo da ledar ƙulla ƙanƙara. Har lokacin ina da sauran fata.

Kafin in ci gaba, ku tuna da tanona biyu, manyan gangunan ruwan nan da ke tsakar gida. Ruwan da na tara ke nan saboda ƙanƙarar azumi. Sai da na yi ta tare ƴan ga-ruwa a hanya kafin su cika. Na tace shi da farin ƙyalle, na rufe, ko alwala ba na yi da shi.

Ina dawowa, tun daga bakin masallaci na ji guɗa. Na ce wa ya haihu? Na shigo lungu, sai mata suka yo kaina. Wannan ta rungume ni, wannan ta karɓi kwandona. "Hajiya, ya zo! Ya zo! Allah ya ba ki Aljanna!" Na duba bangon shago. Ruwa ne ke zuba daga tiyon wutata, shar, fari tas, cikin bokitin Balki. Mai unguwa na tsaye ya ɗaga hannu yana addu'a.

Ina kallo, sai ga wani abu ya faɗo cikin bokitin, tsulum. Ƙadangaren ne. Ba zare a ƙugunsa. Ya haura baki, ya gyaɗa wa jama'a kai, ya tafi.

Na ce, "To, kun gani? Yanzu kun yarda?"

Balki ta ce, "Mun yarda, Hajiya. Wannan daga nesa ya taso. Ruwan dam ne na gaske."

Na kutsa na shiga zaure. Kun san gidanmu a kan tudu yake, shago a gangare. Ga mutumin tsaye, ya kafa mazurari a bakin tiyo, yana juye bokiti. Tano ɗaya ya ƙare, an kifa shi. Na biyu ya kai rabi. Da farko don ya koro ƙadangare ya zuba. Da ya ji guɗa sai hannunsa ya ƙi tsayawa.

Na dubi bango. Bango ya dube ni. Na ce, "Ruwan wa ake zubawa?"

Ya ce, "A gaya wa Inna saura mutum kaɗan a layi."

Bayan Juma'a Mala ya zo da mai fasa siminti kamar yadda ya yi alkawari. Ko saran farko ba su yi ba. Matan lungun nan suka fito suka zauna a kan simintin, tun daga ƙofarmu har shago, suna bin kwanarsa. Wasu da tsintar shinkafa, wasu da kitso. Balki ta kafa kaskonta daidai kan babbar gwiwa.

Ta ce, "Mala, ka sare ni tukuna."

Ya ce, "Baiwar Allah, tiyon wuta ne. Ni na kawo shi."

"Ka taɓa ganin wuta ta cika bokiti?"

"Daga zauren Hajiya ake zubawa!"

"To ai mun sani. Ta zauren Hajiya ya biyo. Shi ya sa muke mata addu'a."

Mala ya saɓa digarsa ya ce in na gama da unguwa in aika masa. Ta sama kuma ya rantse ba zai sake ja ba, wai ya gaji da yi wa raƙuma ado.

Yanzu ga inda muke. An yi karo-karo an sayo kan famfo an ɗaura a bakin tiyon. Kullum da safe layi. Ranar da ruwa ya zo, Hajiya uwar marayu ce. Ranar da bai zo ba, Hajiya ta rufe, Hajiya ta fara rowa, har wadda na yi wa wankan jego ta wuce ni ba gaisuwa. Kuma yana zuwa ɗin, don na lura duk sanda na sake cika tano, wani mutum yakan zo gaisuwa da sassafe, ya daɗe a zaure. Bai taɓa son gaisuwa haka ba. Jiya a masallaci an ce sahun gaba aka ba shi.

Firigona kuwa yana shago a rufe. Kaza ta samu samansa tana ƙwai. An fara duban watan azumi a baki, ni ko ƙanƙara ɗaya ban ƙulla ba.

To ku yanke mini, ku ne manya yanzu. In na sa aka tone, ni ce matar da ta yanke wa Birni ruwa ana gobe azumi, kuma a lungun nan za a ɗauki gawata. In na bari, na zama rijiyar unguwa, ni da ke sayen ruwa a hannun ƴan ga-ruwa. Usman, kai ne babba, kai za ka fara. Nura, kar ka ce mini duk abin da Yaya ya ce. Ladi, ke ba ki da baki a wannan, amma ki saurara, ke za ki kai saƙo.

Sai dai kafin ku buɗe baki, ku ji ta ƙarshe. Shekaranjiya kunya ta ƙare mini. Na tare shi a zaure da bokiti a hannunsa. Ban dubi bango ba, shi na duba, tsakiyar ido. Na ce, "Kai! Wuta na ce a kawo mini shago. Ina wutar?"

Ya ajiye bokitin. Ya tsuguna har ƙasa, ya cire hula, ya ce:

"Inna, ko an ja wayar ai ɗauke wutar za a riƙa yi. Wannan layin kuwa, duk Damagaram shi kaɗai ne ba ya yankewa sai in ke kika gaji."